Darasi na Tara: Jirgi Maras Matuƙi, Kyamarar Zafi da Maɓarnatan Gona

Duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: allo baƙi ƙirin, ga wasu fararen abubuwa suna motsi a tsakiyar gonar masara, can sai ƙarar bindiga, su watse kowa ya kama gabansa. Samari kan nuna wa iyayensu, a ce ga yadda mutanen Amurka ke maganin aladun daji, ina ma a kawo mana irinsa. A wannan darasi za mu duba yadda na'urar take aiki, da dalilin da ya sa can suka koma gare ta, sannan mu auna ta da gonakinmu na Birniwa da fadamun ƙasar Haɗeja, mu ga inda za ta yi mana rana da inda za ta jawo mana jidali.

Yadda alade ya gagari Amurka

Asali babu alade a ƙasar Amurka. Turawan Sifen ne suka shiga da shi a jiragen ruwa, kuma ayarin Hernando de Soto da ya sauka Fulorida a 1539 yana tafe da garkensa don guzuri. Waɗansu suka ɓalle suka shiga daji. Daga baya manoma suka riƙa sakin nasu suna kiwon kansu, sannan a ƙarni na 20 masu sha'awar farauta suka kawo aladun dajin Turai, jinin ya gauraye. Yau ana ƙiyasta sun kai miliyan 6, sun bazu a jihohi wajen 35, kuma jihar Teksas kaɗai tana da fiye da miliyan 2. Ɓarnar da suke yi wa gonaki da makiyaya da kuɗin da ake kashewa wajen yaƙarsu sun haura dala biliyan 1.5 a shekara. A 2014 sai da ma'aikatar gona ta ƙasar ta kafa shiri na musamman a kansu.

Sirrin yawansu yana wajen haihuwa. Cikin alade kwana 114 ne, wato bai cika wata huɗu ba. Uwa takan zubo 'ya'ya biyar ko shida, wani lokaci fiye, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kuma 'yar da aka haifa tana iya ɗaukar ciki tun ba ta shekara ba. Masana a Teksas sun lissafa cewa sai an kashe kusan biyu cikin kowane uku a kowace shekara kafin yawansu ya tsaya inda yake, ba ma ya ragu ba. Shi ya sa dokokinsu suka yi ta sassautawa. A 2011 Teksas ta yarda mafarauta su biya kuɗi su hau jirgi mai saukar ungulu su yi harbi daga sama. A 2019 ta cire sharaɗin lasin farauta ga mai harbin alade a gonar da mai ita ya ba shi izini. A 2022 hukumar kula da namun dajin jihar ta yarda masu takardar izini su nemi aladu da jirgi maras matuƙi cikin dare.

A kula da kyau, nema aka ce. Jirgin ba ya harbi, dokar tarayyarsu ta 2018 ma ta haramta ɗaura wa irinsa makami. Aikinsa ya gano inda garken yake, mai riƙe da rimot ya faɗa wa maharban da ke ƙasa ta rediyo, su bi ta inda iska ba za ta kai warinsu ba. Alade ba shi da kaifin gani, amma hancinsa ba wasa.

Kuma ko a can ɗin ba kowa ya yarda harbi ne mafita ba. Idan aka buɗe wa garken aladu ashirin wuta, a kashe huɗu ko biyar, sauran sun warwatsu, sun kuma koyi wayo. Masu aikin na gaske sun fi dogara da babban shingen ƙarfe da ake zuba hatsi a ciki kwana da kwanaki har garken ya saba, a sa kyamara tana kallo, ranar da duka suka shiga a saki ƙofa ta waya. Jihar Misuri a 2016 hana farautar alade ta yi ɗungurungum a filayen hukumarta ta kula da daji, domin ta ga mafarauta na tarwatsa garken da ake shirin kamawa, waɗansu ma suna sakin aladu da gangan don kada abin harbi ya ƙare.

Me kyamarar take gani?

A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu launi-launi irin na bakan gizo. Ya riƙa ajiye ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya matsar da shi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya ƙara hawa. Ashe akwai wani haske da idon ɗan Adam ba ya kamawa, fata ce kawai ke jin sa a matsayin ɗumi. Kowane abu yana fitar da wannan ɓoyayyen haske, mutum da dabba da dutse da ruwa, kuma gwargwadon zafin abu gwargwadon yawan abin da yake fitarwa.

Kyamarar zafi wannan hasken take karantawa. A cikinta akwai wani ɗan faranti mai ɗauke da ƙananan ɗigogi jere reras, kowane ɗigo yana auna ɗumin da ya faɗo masa, na'ura ta mayar da awon hoto. Yawanci akan saita ta yadda abu mai zafi zai fito fari, mai sanyi ya fito baƙi. Ba ta bukatar fitila ko farin wata. Amma fa ba dabba take gani ba, bambancin zafi take gani tsakanin abu da abin da ke kewaye da shi. Wannan jimla ita ce gishirin darasin, a riƙe ta.

Zafin cikin jikin alade wajen digiri 39 ne, na mutum 37, fatar kuma ba ta kai haka ba. A watan Afrilu zafin iska a ƙasar Haɗeja yakan wuce digiri 40, yashin jigawa kuwa da azahar ya fi haka nesa, wanda ya taɓa taka shi ba takalmi ya sani. Neman dabba da kyamarar zafi a irin wannan lokaci kamar neman hasken aci-balbal ne da tsakar rana. Ko bayan magariba ƙasa ba ta huce ba. Duwatsu da suri da kututturen itace suna riƙe zafin yini, su yi ta fitowa fari-fari a allo, mai jirgi ya yi ta bin suri yana zaton nama ne. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakar dare zuwa asuba, musamman da hunturu, sa'ad da sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15.

Akwai abubuwan da ba ta ratsawa ko kaɗan: bango, gilashi, ruwa, ƙasa, da ganye mai duhu. Dabbar da ta shige ƙarƙashin kurmi ko cikin dawa mai tsayi, ɗan ɓurɓushin haskenta kawai za a gani, in an gani. Wadda ta yi birgima a taɓo, jiƙaƙƙen taɓon ya sanyaya bayanta, sai ta dusashe. A fadama kuma akwai wani abin da ke rikita baƙon ma'aikaci: ruwa ba ya saurin hucewa kamar ƙasa, don haka da asuba kududdufi da magudanar ban-ruwa su ne ke haske, tudu ya yi baƙi.

Sai maganar kaifin hoto, wadda masu talla ba sa son a taɓo. Kyamarar wayar da ke aljihunku tana da ɗigo miliyan 12 ko fiye. Kyamarar zafi mai kyau, irin wadda ke kan jirgin DJI Mavic 3T, ɗigo 640 ne a kwance, 512 a tsaye, jimla 327,680. Idan jirgin yana sama a tsayin mita 100 yana kallon ƙasa, faɗin abin da yake gani wajen mita 84 ne, kuma kowane ɗigo ɗaya yana wakiltar kusan santimita 13 na ƙasa, bai kai taƙi ɗaya ba. Alade mai tsawon mita 1.3 ke nan ɗigo goma ne. Tunkiya takwas ko tara. Maraƙi goma. Mutumin da ya kwanta ya miƙe sha uku, in ya naɗe cikin bargo bai kai haka ba. Za mu dawo kan wannan lissafi.

Batir ɗaya a takarda minti 45 yake yi, a aikace in akwai iska a yi lissafin rabin awa. Kamfanin da kansa ya ce kada a tashi jirgin a zafin da ya wuce digiri 40. Ƙurar hunturu ba ta hana kyamarar gani sosai, amma tana shiga injinan farfela ta cinye su. Kuɗinsa da batura da abin caji miliyoyin naira ne, in ya faɗi kuma gyaransa ba a kasuwar ƙauye ba.

Namu aladen

Abin da muke da shi a dajin Arewa shi ne gyado, wanda waɗansu ke kira gadu ko mugun dawa. Ɗan ƙasa ne, ba wanda ya kawo shi. Maharba sun san shi sarai: ƙaton kai, haure biyu da suka lanƙwaso sama, ƙulli-ƙulli a fuska, in ya zabura da gudu wutsiya a miƙe tsaye. Idan zai ci abinci durƙusawa yake a kan gwiwoyin gaba yana tafiya a haka, yana tono da hanci. Wanda ya iya karatun sawu yana gane ɓarnarsa da safe. Za a tarar da kofato mai tsaga biyu, da gurbin gwiwa a ƙasa mai laushi, da kunyar rogo ko dankali ko gyaɗa an bi ta an tone daga gefe. Biri kuwa karya kara yake ya ɗauke zangarniya ya yar da rabi, shanu su bi ta sama su datse, su bar kashi da faffaɗan sawu.

Haihuwar gyado ba ta kama ƙafar ta aladen Teksas ba. Cikinsa wata biyar da rabi ne zuwa shida, sau ɗaya a shekara, 'ya'ya biyu ko uku galibi, nonon uwar ma huɗu ne kacal. Macen sai ta haura shekara ɗaya da rabi kafin ta fara. Dabbar da ke haihuwa haka, in aka sa mata ido daga sama da bindiga a ƙasa, shekaru kaɗan za a neme ta a rasa. Dama ta riga ta ja baya. Dattawa suna ba da labarin gyado da barewa da kura a dazuzzukan da yau duk sun zama gonakin gero da riɗi, abin da ya rage sai a wurare irin su dajin Baturiya da ke Kirikasamma. Wannan daji ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma yana cikin wurare goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa. Farauta a cikinsa laifi ne, da jirgi ko da gora.

Ga kuma wani abin da zai ba mai sayen jirgin haushi. Aladen Amurka da dare yake yawo, shi ya sa kyamarar dare ta dace da shi. Gyado a ɗabi'arsa da rana yake kiwo. Rana na faɗuwa sai ya nufi rami, yawanci tsohon ramin dabgi, ya shiga da baya-baya, haurensa na fuskantar ƙofa. Gaskiya ne inda mutane suka matsa masa yakan sauya ya riƙa fitowa da dare, amma in yana cikin rami, jirgin miliyoyin naira zai wuce ta kansa sau goma bai ga komai ba. Tsohon maharbi da karensa sun fi shi sanin ramin.

Inda gyado ya addabi gona da gaske, a kai ƙara wurin mai unguwa da malamin daji na ƙaramar hukuma, a bi ta hanyar sarkin baka. Shinge mai ƙarfi da zurfin gindi da gadi na karo-karo suna rage ɓarna. In an kashe, namansa haramun ne ga Musulmi, wannan ba sai an faɗa ba, amma gawar a binne ta da zurfi nesa da rijiya da mashaya. Gyado yana ɗauke da ƙwayar zazzaɓin aladu na Afirka ba tare da ya kwanta ba. Cutar ba ta kama mutum, amma tana share garken masu kiwon alade, kamar yadda ta yi a babbar gonar Oke-Aro kusa da Legas a 2020.

Mai cin gonar da gaske

A tambayi manomin shinkafa a Guri ko Kirikasamma ko Auyo, ko mai gero a Birniwa, wa ke hana shi barci in amfani ya fara ido. Ba zai ce gyado ba. Janbaki zai ce.

Tsuntsun bai fi giram 20 ba, amma yana cin hatsi da zubar da shi wajen giram 10 a yini. Ku yi lissafin da kanku: tsuntsu miliyan ɗaya, giram 10 kowanne, kilo 10,000 ke nan, buhu ɗari mai cin kilo ɗari, a yini guda. Ana ƙiyasta akwai janbaki biliyan 1.5 a Afirka, babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Kowa ya san yadda ake fama: rumfa a tsakiyar gona, igiyoyi an rataya musu gwangwanaye da leda, majajjawa, mutum-mutumi da tsohuwar riga, yara tun sallar asuba suna ihu har murya ta dushe, makaranta kuwa sai bayan girbi.

Abin da ya ƙara wa janbaki ƙarfi a ƙasarmu shi ne kacala. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina tsohuwar al'adarsa ta cika da damina ya janye da rani. Ruwa ya zama yana tafe kusan duk shekara, yashi ya cike hanyoyi, kacala ta samu abin da take so ta mamaye dubban kadada, ta toshe magudanu har da hanyar Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru. A cikin wannan duhuwa janbaki yake kwana, can yake sheƙa, inda ƙafa ba ta zuwa, kwalekwale ma da ƙyar.

Nan ne kyamarar zafi take da aikin yi. Da rana tsuntsayen a warwatse suke, da dare kuwa sukan taru dubbai bisa dubbai a wuri ɗaya, jiki na gugar jiki, kuma jikin tsuntsu ya fi na dabba zafi, yana haura digiri 40. Tsuntsu ɗaya bai cika ɗigo guda a allo ba, amma taronsu a saman kacala yana iya fitowa fili. Da ma babbar wahalar masu yaƙi da janbaki ita ce gano makwanci. Ma'aikaci yakan tsaya da yamma ya bi inda ayarin ya dosa da ido, ya tambayi masunta da makiyaya, ya yi kirdado. Jirgin da ya tashi da asuba kafin tsuntsaye su watse yana iya nuna wurin, da faɗinsa, da lambobin taswirarsa, a aika wa masu feshi ko masu raga.

An saba ganin jirgin sama na gwamnati yana feshin maganin fenthion a kan makwancin. A Kenya, a watan Janairun 2023, da jirage marasa matuƙa aka yi wannan feshi a gonakin shinkafa na Kisumu, a wani fili da, abin mamaki, shi ma sunansa Kano. Masu kare muhalli sun yi ca a kai, kuma suna da hujja. Maganin ba ya zaɓe. Yana kashe shaho da mujiya da duk abin da ya ci gawar, yana taɓa kifi da ƙudan zuma, yana cutar da mutum. Dausayinmu kuwa masaukin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai ne duk hunturu, har Dagona ta jihar Yobe. A ganina amfanin sanin makwanci daidai shi ne a rage yawan gubar da ake zubawa a ruwan da muke sha muke kamun kifi, in ma da hali a sa raga, kamar yadda masu kamun janbaki a Cadi suke yi cikin dare su soya su kai kasuwa. Tsuntsun da aka tsinta bayan feshi kuwa ba a ci, ba a sayarwa, ba a ba kare.

Wannan ba aikin manomi ɗaya ba ne. Abin da ya dace shi ne ƙungiyar manoma ta nemi hukumar aikin gona ta jiha, JARDA, ko Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su riƙe jirgi da ma'aikacin da aka horar, kowane gari ya san lambar da zai kira.

Fari a allo

Mu koma kan lissafin ɗigogi. Mu ɗauka watan Nuwamba ne, an yanke riɗi an jingina shi tsaye yana bushewa, ƙarfe uku na dare. Mai jirgi yana zaune a bakin gona, ya ga wani farin abu mai ɗigo goma yana motsi kusa da tarin riɗin. Mene ne? Yana iya zama gyado. Yana iya zama maraƙin da ya ɓace wa garke, don lokacin ne makiyaya ke gangarowa fadama. Yana iya zama ɗan mai gonar da ya zo kwanan gadi saboda ɓarayi, ya duƙa yana gyara shimfiɗa. Da rani kuma ga masu ban-ruwa da ke tada inji cikin dare, ga masunta masu duba koma.

A irin wannan aji wani dattijo zai iya tambaya: "To Malam, in na ga abu a gonata da tsakar dare, ba sai in sakar masa wuta ba?" Amsar ita ce: "A'a, Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Na'urar ta ce maka akwai mai rai a wurin, ba ta ce maka ko wane ne ba." Ƙwararru sukan sauko da jirgin ƙasa-ƙasa, su kalli yadda abin yake tafiya, su kunna fitila su duba da kyamarar gani ta yau da kullum, duk da haka maharbi ba ya ɗana kunama sai ya tabbatar da idonsa, ya kuma san abin da ke bayan dabbar. Gonakin Teksas manya ne, a killace, ba kowa a ciki da dare. Namu a buɗe suke, hanya ta ratsa nan, burtali ya ratsa can. Kowa a ƙasar Haɗeja ya san abin da saniya ɗaya da aka harba bisa kuskure za ta iya haifarwa tsakanin manoma da makiyaya, balle a ce rai ne na mutum.

Doka ma ba ta bar abin sakaka ba. Tun watan Mayun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, shigo da irin wannan kaya ma yana bukatar takardar ofishin. Ba a wuce tsayin mita 120, ba a kusantar filin jirgi ko barikin soja, ba a shawagi a kan taron jama'a. Mu da muke maƙwabtaka da Yobe, ga iyakar Nijar ba nisa, jirgin da ba a san mai shi ba cikin dare zai iya tayar da hankalin gari da na jami'an tsaro, don haka hakimi da 'yan sanda su sani tukuna. Bindiga ko ta toka ce tana bukatar lasin. Sannan gidajenmu tsakar gida a buɗe take, da bazara iyali a waje suke kwana. Wanda ya bi ta kan gidajen mutane da kyamarar dare ya keta haddi, ko da takardar izini a aljihunsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa asubar hunturu ta fi yammacin bazara dacewa da aikin kyamarar zafi?
2. Kawo bambanci uku tsakanin gyado da aladen dajin Amurka, ka faɗi wanda ya fi shafar amfani da jirgin.
3. Idan tsuntsu ɗaya yana ɓata giram 10 a yini, buhu nawa mai cin kilo 100 tsuntsaye 300,000 za su ɓata a kwana 7?
4. Jirgi yana sama a tsayin mita 100, kowane ɗigo santimita 13. Ɗigo nawa akuya mai tsawon santimita 91 za ta cika?
5. Wace alaƙa ce tsakanin madatsun ruwa da kacala da janbaki?

Aikin gida

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi gona ɗaya ya riƙa zuwa da sassafe har mako guda. A raba shafin littafi gida huɗu: rana, irin sawu ko alamar da aka gani, abin da aka ɓata da kimanin yawansa a kwano, da lokacin da mai gonar yake zaton an yi ɓarnar. A tambayi maharbi ko makiyayi ɗaya ya taimaka wajen karanta sawun da ya shige duhu. Ranar aji mai zuwa za mu haɗa sakamakon a allo, mu jera maɓarnatan daga mafi ɓarna zuwa ƙasa, sannan kowane rukuni ya rubuta wasiƙa mai layi goma zuwa ga malamin gona na ƙaramar hukumar Birniwa, ya faɗi irin taimakon da garinsu yake bukata kafin kaka mai zuwa.